Ni ɗan mai gyaran agogo ne, ga yadda na ƙare a binciken baƙin rami

Assalamu alaikum. Satin da ya wuce wani dattijo ya shigo ofishina riƙe da hannun ɗansa, yaron likitanci ya nema aka ba shi fiziks, idonsa ya yi jajur alamar ya kwana yana kuka. Dattijon ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa ya ce min, Malam don girman Allah ka gaya min gaskiya, wannan karatun ana cin tuwo da shi kuwa? Na ba shi amsa iya yadda zan iya amma tunda suka fita raina bai kwanta ba, don na ga kaina a jikin yaron nan kuma na ga Babana a jikin dattijon. Shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuta yadda tawa ta kasance.

A 1987 aka haife ni a Gwammaja, in ka hau soronmu kana hango Dala. Sunan kakana aka sa min shi ya sa a gida Abba ake kira na. Babana mai gyaran agogo ne a kasuwar Sabon Gari, ba shago gare shi ba, ɗan tebur ne mai gilashi da benci, a ciki an jera su Seiko da Rado da Omax da wasu na Makka da alhazai ke dawowa da su. Kayan aikinsa duka za su shiga gwangwanin madara ɗaya, ƙananan sukudireba, matsefata, ɗan buroshi, murfin kwalba da yake zuba fetur yana wanke ƴan haƙoran agogo a ciki, sai ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido ɗaya. Abin da ba zan manta ba shi ne in an kawo agogo baya fara buɗewa, kunnensa yake karawa ya rufe ido ya yi shiru a tsakiyar hayaniyar kasuwar nan, can sai ya ce datti ne, ko ya ce sifirin ne ya saki, kuma in ya buɗe haka ɗin ne. Kullum da safe da rediyo yake saita nasa agogon, sannan ya saita na mutane da nasa. Yana yawan cewa agogo sarkin aiki, amma in ka ba mutum agogon da ke ƙarya ka ci amanarsa don da shi zai yi sallah.

Akwai wani babban agogon bango mai lilo da wani Alhaji ya kawo gyara, aka kai shi gidanmu don tebur ba zai ɗauke shi ba. Ina aji huɗu a firamare lokacin. Agogon yana latti, sai na ga Baba bai taɓa injin ba ma, wani ɗan noti ya murɗa a ƙasan lilon, nauyin ya ɗan hau sama, washegari agogo ya daidaita. Na ce Baba me ya haɗa tsawon lilo da lokaci? Ya ce gajeren lilo sauri yake, dogo kuma nawa gare shi. Na ce to me ya sa? Ya ce haka Allah ya yi shi Abba, je ka ɗebo min ruwa. Wlh wannan "me ya sa" ɗin ita ce ta bi ni har yau.

A shekarar ne dai, 1997, tauraruwa mai wutsiya ta fito, wadda daga baya na san Hale-Bopp ake ce mata. Lokacin zafi ne ana kwana a tsakar gida, bayan magariba sai ka gan ta ta yamma maso arewa da jelarta fari sol. Kakata ta wajen uwa ta hana mu nuna ta da yatsa, tana cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Amma ita ɗin ce dai ta koya min Zara matar wata, da Gamzaki na asuba, da Kaza da ƴaƴanta. Allah ya jiƙanta, ita ce malamata ta farko a ilmin sama ko da yake ba ta taɓa shiga aji ba.

A sakandare na haɗu da wani malamin fiziks, ɗan siriri mai saurin magana, wanda ya ɗauki dutse da takarda ya dunƙule takardar ya sake su tare daga saman tebur suka faɗi lokaci ɗaya. Ya ce mana nauyi baya sa abu ya riga wani faɗuwa, iska ce ke ruɗa mu, har ya ba mu labarin ɗan sama jannatin Amurka David Scott da ya saki guduma da gashin tsuntsu a duniyar wata a 1971 suka dira tare. Sai ya faɗi maganar da ta hana ni barci, wai wata ma faɗuwa yake, kullum cikin faɗowa ƙasa yake amma saboda gudun da yake yi ta gefe sai ya riƙa kuskure ta. Ya yi mana lissafin Newton, masanin da ya fitar da dokar jan ƙasa, a allo, wata yana nesa da mu kamar kilomita 384,000, wato ninki 60 na nisan da ke tsakaninmu da cibiyar ƙasa, don haka jan da ƙasa ke masa ya ragu sau 3,600, a kowane sakan bai fi milimita ɗaya da ɗan ɗoriya yake faɗowa ba. Ƙarfin da ke jan guga cikin rijiya shi ne dai ke riƙe da watan da muke leƙe ranar 29 ga azumi. Na koma gida hutu na yi ta jefa tsakuwa a rijiyarmu ina ƙirga sakan da agogon Baba don in gano zurfinta, har Umma ta kama ni ta ce zan ɓata mata ruwan sha.

Duk da haka likitanci na cike a jarrabawar shiga jami'a, don shi kowa ke so, kuma ni ne babba a ɗakinmu, mu tara ne. Makina bai kai ba aka tura ni fiziks. Baba bai yi faɗa ba, shirunsa ne ya fi faɗan ciwo. Kuma a lokacin kasuwarsa ta fara mutuwa, tun da wayar salula ta shigo a 2001 mutane suka daina ɗaura agogo, wanda ya ɗaura ma na roba ne mai batir in ya lalace a yar. Mutumin da a da sai ka yi sati kana jiran layi a wajensa ya koma canza batir da maɗauri. Ya so a ce ɗansa ya kama abin da ba zai mutu a hannunsa ba kamar yadda nasa ya mutu, ni na fahimci wannan sarai, kuma na shiga jami'a da niyyar in na gama shekara ɗaya zan sake jarrabawa in gudu.

Abin da ya hana ni gudu shi ne ranar Laraba 29 ga Maris 2006. Duk wanda yake Kano ranar zai tuna, da hantsi rana ta fara dusashewa kamar fitilar da mai ya ƙare mata, iska ta yi sanyi, tsuntsaye suka ruɗe. Su Gusau da Katsina har duhu ya rufe su gaba ɗaya, mu a nan ɗan siririn baki ne ya rage. Wani lakcaranmu ya zo da baƙin gilashin masu walda muna karɓa-karɓa, amma abin da ya fi taɓa ni a ƙasa yake ba a sama ba, a ƙarƙashin wata darbejiya duk ɗigon hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa a kan yashi, suna rawa in iska ta kaɗa. Daga nan muka tafi masallaci aka yi sallar kusufi mai dogon ruku'u. Bayan an idar lakcaran nan ya tsaya da mu a bakin masallaci ya ce kun san irin wannan kusufin ne ya tabbatar da maganar Einstein, babban masanin fiziks, cewa nauyi yana lanƙwasa haske? Ya ce ranar 29 ga Mayu 1919 wani Bature ɗan Ingila, Arthur Eddington, ya je tsibirin Principe, nan cikin tekun Gini kudu da Najeriya, wasu kuma suka je Sobral a Birazil, suka ɗauki hoton taurarin da ke kusa da rana lokacin da wata ya rufe ta, aka ga taurarin sun ɗan goce daga mazauninsu saboda nauyin rana ya lanƙwasa haskensu. Na ce a raina haske fa, abin da ba shi da nauyi, yaya za a yi a ja shi? Kuma a nan maƙwabtanmu aka auna? Ban sake cike fom ɗin likitanci ba.

Ba a koyar da nazariyyar Einstein ta janyowa, wato bayaninsa kan yadda abu mai nauyi ke jan wani, a digirin farko a wajenmu, sai na koya wa kaina. Lakcaran nan ya ara min wani tsohon littafi da bangonsa ya cire, na yi fotokwafinsa da kuɗin abincina na sati biyu. Ina zuwa kafe in sayi lokacin kwana don ya fi arha, in sauke darussa a filashi. Da aka tafi dogon yajin aiki abokaina suka shiga Kwari da Farm Centre neman kuɗi, ni da safe ina zama a teburin Baba ina canza batir, da daddare in kunna aci-balbal in yi ta fama da lissafin tensa, wato irin lissafin da aka rubuta nazariyyar da shi, shafi ɗaya sai ya ci min kwana uku. Akwai daren da na kifa kai a kan littafin na yi kuka don na ga kamar ƙwaƙwalwata ba ta kai ba kuma babu wanda zan tambaya a duk unguwar.

Abin da na gane a ƙarshe, kuma har yau in na faɗa tsigar jikina tashi take, shi ne a wajen Einstein babu wata igiya da ke jan abu. A 1915 ya nuna cewa nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake, abubuwa kuma suna bin hanyar da ta fi miƙewa ne a cikin lanƙwasasshen wuri. Yadda nake yi wa ɗalibaina bayani, mutum biyu, ɗaya ya tashi daga Kano ɗaya daga Injamena, kowa ya fuskanci arewa ya miƙe sak ba ya karkata, a hankali za su ga suna matsowa kusa da juna har su haɗu a ƙarshen arewacin duniya. Ba wanda ya ja wani, ƙasar ce a dunƙule. To haka janyowa take, sai dai har da lokaci a cikin abin da ya lanƙwashe. Da wannan ne aka warware wata ƴar gocewa a zagayen duniyar Makyuri, wadda ta fi kowace kusa da rana, da lissafin Newton ya kasa bayaninta shekara da shekaru.

Na gama digiri, na yi bautar ƙasa, na dawo na kama koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ƙarshen wata. Shekarun nan Kano ba daɗi, bayan harin 20 ga Janairu 2012 ga dokar hana fita ga shingaye ko'ina, kowa ta kansa yake. A cikin wannan hali nake ta tura takardun neman sikolashif, wasu ko amsa babu. Kuma a gida magana ta fara yawo, wata gwaggona ta zo ta sami Baba ta ce Yaya, yaron nan fa an ce taurari yake karanta, ka bincika kar ya zama ɗan duba. Abin ya dami Baba sosai har ya kai ni wajen malamin da ya koya min Ishmawi da Iziyya. Malam ya sa na yi masa bayanin abin da nake yi, ya saurara har na gama, sannan ya ce wa Baba, Malam wannan hisabi ne ba duba ba, da irinsa ake sanin alƙibla da lokutan sallah. Ya kawo hadisin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi kusufi, Annabi ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ya ce kuma ƙasar nan ba baƙuwar lissafi ba ce, ya ambaci Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu kan lissafi ya rasu a Alƙahira a 1741. Daga ranar Baba bai sake ɗaga maganar ba.

A 2013 Allah ya buɗe ƙofa, cibiyar binciken fiziks ta ICTP da ke Trieste a Italiya ta ɗauke ni karatun difloma na shekara ɗaya, komai su suka biya. Abdus Salam ɗan Pakistan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1979, shi ya kafa ta a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu kar su rasa abokan tattaunawa su bushe. Ranar da zan tafi Baba ya kwance Seiko 5 ɗinsa, wanda ba ya amfani da batir motsin hannu ke wana shi, ya ɗaura min ya ce Abba kar ka bari ya tsaya, in ya tsaya to ka zauna ne ba ka aiki.

Watanni ukun farko na sha wuya ba kaɗan ba. Ƴan ajinmu daga Iran da Indiya da Biyetnam sun riga sun san abubuwan da ni ko sunansu ban taɓa ji ba, a jarrabawar farko ina can ƙasa. Ga sanyi, akwai wata iska da suke kira bora da in ta taso sai ka riƙe ƙarfe a titi, hunturun Kano wasa ne a kanta. Ga azumi ya faɗo tsakiyar bazararsu muna kai awa goma sha bakwai. Amma a can na fara ganin allo a kan hanya da wajen shan shayi, manyan farfesoshi suna gardama da alli a hannu, ɗalibi ya ce wa farfesa ka yi kuskure a layi na uku shi kuma ya duba ya ce gaskiyarka. Wata ƴar ajinmu ta riƙa zama da ni duk yamma tana cike min giɓin da nake da shi ba ta taɓa nuna gajiya ba, Allah ya saka mata. Na fita da sakamakon da ya ba ni damar samun gurbin digiri na uku a Afirka ta Kudu.

Aikina a kan baƙin rami ne. In tauraro mai girman gaske ya cinye makamashinsa sai nauyinsa ya danne shi ya rufta cikin kansa har ya kai ko haske ba ya iya fita. Karl Schwarzschild ne ya fara fitar da lissafin a 1916 yana soja a yaƙin duniya na ɗaya, kuma a shekarar ya rasu. Da za a matse rana ta zama baƙin rami, daga cibiyarta zuwa bakinta kilomita 3 ne kacal, duniyarmu kuwa milimita 9, kamar goriba ma ta fi ta girma nesa ba kusa ba. A 1963 Roy Kerr ɗan New Zealand ya fitar da na ramin da ke juyawa. Ɓangaren da na kama shi ne abin da wani ɗan Indiya, Vishveshwara, ya gano a 1970, cewa in aka girgiza baƙin rami yana amo kamar an ƙwanƙwasa tasa, amon ya yi ta raguwa har ya mutu, kuma kaifin amon da saurin mutuwarsa sun dogara ne kawai da nauyin ramin da saurin juyawarsa. Wato in ka ji amon ka san ramin. Ni aikina in lissafa yadda amon zai canza in da a ce nazariyyar Einstein tana da ɗan gyara a wani wuri, don ranar da aka ji na gaske a gwada. Biro da takarda da kwamfuta, shi ke nan kayan aikin, sun ma fi na Baba ƙanƙanta. Wata shida na taɓa yi ina bin wani sakamako da na ɗauka sabon abu na gano, sufabaizana ya zauna da ni muka bi layi-layi, ashe alamar ragi ce na mayar ta tarawa a shafi na biyu. Na yi kwana biyu ban fita daga ɗaki ba, rana ta uku na sake farawa daga farko.

Lokacin da na fara, babu wanda ya taɓa jin wannan amon, lissafi ne a takarda. Sai ranar Alhamis 11 ga Fabrairu 2016, muka cika wani ɗakin lacca ana haska mana sanarwa kai tsaye daga Washington. Na'urorin LIGO guda biyu, waɗanda aka gina don jin girgizar da abubuwa masu nauyi ke haddasawa a sarari, ɗaya a Hanford ɗaya a Livingston a Amurka, kowacce da hannaye masu tsawon kilomita 4, sun kama girgizar sarari ranar 14 ga Satumba 2015. Baƙaƙen ramuka biyu ne, ɗaya ya ninka rana sau 36 a nauyi ɗaya sau 29, suka yi ta zagaya juna har suka haɗe suka zama ɗaya mai ninki 62, nauyin rana uku ya narke ya zama girgiza cikin ƙasa da sakan ɗaya, ta yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 kafin ta iso mu, ta motsa madubin na'urar da abin da bai kai faɗin furoton ba, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke tsakiyar ƙwayar zarra. Suka mayar da ita sauti suka kunna, ɗan "wup" ne kawai kamar ɗigon ruwa a randa. Mutane suna tafi suna rungumar juna, ni na fita waje na sami gefe na yi sujjada, hawaye na zuba. Abin da ya faɗo min a rai shi ne Baba da agogo a kunne ido a rufe.

Da na zo hutu a ƙarshen shekarar, wata rana bayan la'asar muna zaune a zaure, idonsa ya fara rauni lokacin ya daina zuwa kasuwa sosai, sai ya ce Abba, wai har yanzu ban gane me kake gyarawa a can ba. Na yi shiru na ɗan lokaci sannan na ce Baba ka tuna agogon Alhaji mai lilo? Ya ce ƙwarai. Na ce a 1672 wani Bafaranshe, Jean Richer, ya ɗauki irinsa daga Faris ya kai Cayenne kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, sai ya ga yana lattin minti biyu da rabi kullum, saboda jan ƙasa ya ɗan fi rauni a can. Baba ya ce to ai sai ya ɗaga notin. Na ce haka ya yi, ya rage tsawon lilon. Ya yi murmushi ya ce ashe ya san aiki.

Na ce to amma akwai wani lattin da ba noti a jikinsa. Na ce yanzu akwai agogon da ba lilo ba sifirin, da kaɗawar ƙwayar zarra ta wani sinadari mai suna siziyom yake ƙirga, sau 9,192,631,770 shi ne sakan ɗaya. In ka sami biyu masu kyau iri ɗaya ka ajiye ɗaya a nan zaure ka kai ɗaya kan Dala, na kan Dala zai riga na zaure. Ya ce na saman ya lalace kenan. Na ce lafiyarsa ƙalau Baba, in ka sauko da shi ka kai ɗayan, shi ma haka zai yi. Ya gyara zama ya ce tsaya, mai lilo in ka kai shi kan dutse latti zai yi tunda ka ce ja ya ragu, wannan kuma ka ce sauri yake? Wlh na yi shekaru ina koyarwa ban sami ɗalibin da ya kamo wannan da kansa ba. Na ce haka ne Baba, na lilo jikin agogon ne abin ya taɓa, wannan kuwa lokacin ne da kansa ya fi gudu a sama, bugun zuciyar mutum da tsufansa duk tare suke tafiya da shi. Na gaya masa a 2010 a Amurka an ɗaga wani agogon ƙwayar zarra santimita 33 kawai aka ga bambancin, ko da yake in mutum zai shekara 79 a wannan tsayin ribar da zai ci ba ta fi kashi 90 cikin biliyan na sakan ba. Na ciro wayata na nuna masa taswira da ɗigon da ke nuna zaurenmu, na ce taurarin ɗan'adam na GPS, masu gaya wa waya inda take, da ke can sama da kilomita 20,000 agogunansu suna riga namu da kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, janyowa ta ƙara musu 45 gudunsu ya rage 7, in ba a gyara wannan da lissafin Einstein ba, kullum ɗigon nan zai riƙa gocewa da wajen kilomita 10.

Ya karɓi wayar ya matso da ita dab da idonsa mai kyau ya daɗe yana kallo. Can ya ce, shekara arba'in ina saita wa mutane agogo ina ce lokaci ɗaya ne Allah ya shimfiɗa wa kowa, ashe kowane wuri da nasa. Ya yi ta maimaita Subhanallah. Sannan ya ce to wa ke saita na saman? Na ce mutane ne a ƙasa, da irin lissafin da nake koyo. Ya ce to ai sana'ata ka gada Abba, me ya sa tuntuni ba ka faɗa min haka ba. Da aka kira magariba muka fita, a ƙofar masallaci na ji yana gaya wa abokinsa cewa ɗansa gyaran agogon sama yake yi.

Ya ga hoton baƙin rami na farko da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019, na galaksin M87, wato wani gungun taurari mai nisan gaske, na buga masa shi babba a takarda don ya iya gani, ya ce kamar bakin murhu da garwashi. Bai ga na tsakiyar galaksinmu da aka fitar a Mayun 2022 ba, Allah ya karɓi abinsa a 2021 bayan gajeriyar jinya. Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, don Allah wanda ya karanta ya sa shi a addu'a.

Na dawo Kano da zama tun kafin rasuwarsa, ina koyarwa a jami'a. Ba zan ɓoye wa dattijon nan ko wani ba, ban yi kuɗi ba, abokaina da suka shiga kasuwa sun yi min nisa, wasu da muka yi digiri na uku tare sun koma bankuna da kamfanonin kwamfuta a Turai saboda lissafin namu ana nemansa a can kuma suna samu sosai. Akwai ranar da nake tsakiyar lissafi a kwamfuta a ɗauke wuta aikin kwana biyu ya tafi, sai da na tara kuɗi na sa ƴar sola. Akwai taron da aka gayyace ni na rasa biza. Ajina wani lokaci ɗalibi sama da ɗari, mafi yawansu ba fiziks suka nema ba kamar ni a da. Amma ina ci ina ciyar da iyalina da Umma, na aurar da ƙannena mata uku, kuma duk Laraba da yamma akwai yara shida, biyu mata, da muke kulle kanmu a wani ƙaramin aji muna bin lissafin Einstein layi-layi ba don maki ba. Ɗaya daga cikin matan ta tura takardunta Trieste bana, ni na rubuta mata wasiƙar shaida. Yaron da aka kawo min satin da ya wuce na ce masa ya zo ranar Laraba ya zauna a baya ya saurara, in bayan shekara ɗaya zuciyarsa na kan likitanci ni da kaina zan taya shi cike fom.

Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 in Allah ya kai mu za a yi kusufin rana cikakke da zai ratsa Maroko da Aljeriya da Libiya da Masar ya bi ta kan Jidda da Makka, a Makka duhun zai kai wajen minti biyar da rana tsaka. Umma ta daɗe tana son Umara, na fara ajiye ɗan abin da ya samu duk wata. Da na gaya mata ta ce yanzu kai har ranar da mintin ka sani? Na ce Umma lissafi ne, ikon kuma na Allah. Ta ce to Allah ya nuna mana, ka tabbata ka taho da agogon babanku. Yana hannuna yanzu haka da nake rubutun nan, yana ƙara kusan minti ɗaya a sati, duk Juma'a kafin in tafi masallaci nake saita shi.